Sayen sunayen shafukan intanet don sayarwa: wa ya taɓa cin riba a garin nan?

Ɗan Farm Centre:
Assalamu alaikum jama'a. Na ɗauki adashina a watan nan, naira dubu 400, kuma wani yaro da ke gyaran waya a gefen shagona ya hana ni sakat da zancen domen, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafin intanet, irin mai ƙarewa da .com ɗin nan. Wai ka yi rajistar suna da dala goma sha wani abu, ka ajiye, wata rana Bature ya zo yana roƙonka da dubban daloli. Har ya nuna min labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019. Ni dai abin da na sani caja ne da gilashin waya. Don Allah wanda ya taɓa sa kuɗinsa a ciki ya faɗa mana yadda ta kaya. Ba wanda ya kalli bidiyo nake nema ba, wanda aljihunsa ya ji a jika.

Tsohon Ɗan Wapa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zauna ka ji, don ni na sha wannan ruwan har na ƙware.

A tsakiyar 2021 na fara, lokacin muna canjin dala wajen naira 500 a Wapa. Cikin wata uku na tara sunaye 40. Duk abin da ya faɗo min a rai cikin dare sai na tashi na yi masa rajista: sunayen unguwanni, na abinci, na atamfa da shadda, har da na kilishi kala uku. Ina ganin kaina kamar mai sayen filaye a bayan gari kafin titi ya iso. To a nan kuskuren yake. Fili idan ka saya ka zagaye shi, ka yi shekara goma ba ka leƙa ba, yana nan. Domen haya ce ta shekara. Ranar da ka daina biya, ranar ya fara barin hannunka. Kuma hayar .com da dala ake lissafa ta, don kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com ɗin gaba ɗaya, shi ke yanka wa dillalai farashin sari, su kuma su ɗora nasu.

Shekarar farko kuɗin duka bai wuce dubu 260 ba. Aka saki naira a watan Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. Sunayen nan dai su ne, ba wanda ya taya ko ɗaya, amma sabuntawarsu ta doshi dubu 800. Ni da nake sana'ar canji ban hango wannan ba, abin kunya. Na zauna da biro na tace, na bar 6, sauran na sake su suka bi ruwa. A shekara uku tayi ɗaya tak na samu, dala 50, na ce albarka saboda girman kai. Yau da zai dawo da na sallama har da godiya.

Mai Shayin Zoo Road:
Alhaji, kenan ka sayi akuya 40 da ba sa haihuwa amma kullum sai an ba su dusa.

Tsohon Ɗan Wapa:
Gara akuya Malam, ita ko ba komai ka yanka ranar suna.

Malamar Kwamfuta:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ni kam na ci riba, amma bari in faɗi yadda aka yi don kada ɗan'uwanmu ya ɗauka daga sama ta faɗo.

Aikina gina wa mutane shafuka ne, tun ina BUK nake yi. Cikin masu ba ni aiki akwai 'yan Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje. Su waɗannan dole ce ta sa su buɗe shafi, domin mai saye daga Turkiyya ko Meziko ba zai tura kuɗin kwantena ga mutumin da imel ɗinsa na kyauta ne ba. Yana son ya ga sunan kamfani a bayan alamar @. Da na lura da haka sai na yi rajistar sunaye 5 kawai, duka da Turanci, gajeru, sunan kayan haɗe da kalmar fitarwa ko Najeriya. Biyu sun tafi. Ɗaya wani Alhaji ya saya dubu 350 tare da aikin shafin, ɗayan kuma wani kamfani daga waje ya gan shi a Afternic, kasuwar sayar da domen ta intanet, ya biya dala 900. Ukun da suka rage har yau ina ciyar da su.

Dala 900 ɗin ma ba duka ta shigo hannuna ba. Kasuwannin nan irin Afternic da Sedo dillalai ne, suna cire la'adarsu, kuma ba irin la'adar dillalin gida ba ce, takan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye. Sannan sai da na buɗe asusun dala a banki kafin kuɗin su iso, aka yi ta kai da kawo da takardu kusan wata guda.

Abin da nake so ka duba, Malam na Farm Centre: leƙa layinku ka ƙirga mutum nawa ke da shafin kansa. Ɗan Kwari mai dila ɗari a sito, a WhatsApp yake ciniki. Mai turaren wuta da mai kayan kicin suna Instagram da TikTok. Ka je ka ce wa Alhajin Singa ya ba ka miliyan ɗaya don suna, zai tambaye ka a wace mota za a ɗoro shi. Ni na san mai sayen kafin in sayi kayan. Wanda ya juya wannan tsarin, shi ne ke kwana da kwantai.

Ɗan Farm Centre:
Hajiya na gode. To sunayen Hausa fa? Yaron cewa ya yi Turawa sun kwashe na Turanci tun tuni, namu ne ke zube ba mai ɗauka.

Ɗalibin Harshe:
Yaya, gaskiya ne sun riga mu, tun 1985 aka yi rajistar .com na farko. Amma abin da ke zube a kasuwa ba mai ɗauka, wani lokacin dalili ne ya sa.

Ni na gwada da guda 3, kuma matsalar da na ci karo da ita ta haruffa ce. Sunan shafi na yau da kullum ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. Na yi rajistar wani suna da ke da kalmar baƙi, ina nufin masaukin baƙi, ina hangen masu otal. A rubuce sai ya koma baki. Duk wanda na nuna wa sai ya yi dariya ya ce wannan na likitan haƙori ne ko na 'yan gulma? Haka ƙasa take komawa kasa, wa zai sa wa kamfaninsa suna da kasawa? Akwai hanyar da ake cusa haruffa na musamman, amma a ƙarƙashi sunan yakan rikiɗe ya zama wani abu mai farawa da xn--, kuma mutum nawa ne ke da ƙ a allon wayarsa? Ga kuma rubutun da bai daidaitu ba, wani ya rubuta tsire wani ya rubuta tsere. Guda ɗaya na iya sayarwa, na .com.ng, ga wata mai makarantar Islamiyya, dubu 40. Daɗin .com.ng shi ne da naira ake biya, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi a nan gida, don haka tashin dala ba ya hana ka barci. Sai dai kuma Baturen da ake jira ba shi yake nema ba.

Abban Biyu:
Ni tawa damfara ce, kuma ina faɗa ne don kada a maimaita da wani. Sati biyu da sa sunana a kasuwa sai ga imel, wai wakilin wani mai zuba jari ne, suna so a dala dubu 15. Wallahi daren nan har na raba kuɗin: Umara, canjin mota, kuɗin makarantar yara. Sharaɗinsu ɗaya, in kawo takardar ƙiyasin darajar sunan daga wani shafi da su suka zaɓa, dala 79. Na ce mene ne 79 a gaban dubu 15? Na nemi wani mai katin dala ya biya min. Takarda ta fito da hatimi mai kyau, na tura. Shiru. Na sake turawa, shiru. Ashe mai tayin da mai takardar mutum ɗaya ne, sana'arsa kenan. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya komai, kuma idan kuɗin da yawa ta hannun ɗan tsakiya ake bi, irin Escrow.com, ya riƙe kuɗin sai suna ya koma hannun mai saye sannan ya sakar maka. Har yau uwargida idan tana son tsokanata sai ta ce, Abban biyu, ina dala dubu 15 ɗinmu?

Lauyan Kan Titi:
Ƙarin bayani kan abin da ba a taɓo ba. Wani ƙanin matata ya ga wani kamfanin abin sha yana tashe, sai ya yi wuf ya yi rajistar sunansu da .com yana jiran su zo su fanshe. Sun zo kuwa, amma da wasiƙar lauya. Ni ya kawo wa yana rawar jiki. Na ce masa ya miƙa salin-alin. Tun 1999 hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ke da tsarin da ake kira UDRP, mai alamar kasuwanci ya kai ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, idan ya nuna sunan ya yi kama da alamarsa, kai ba ka da wata alaƙa ta gaskiya da sunan, kuma da mugun nufi ka riƙe, sai a ƙwace a ba shi ko sisi ba za ka gani ba. Saƙon da yaron ya tura musu yana neman miliyan 5 shi ne ma babbar hujjarsu a kansa. Kalmar gama-gari kamar gyaɗa ko fata ba ta kowa ba ce. Sunan da wani ya yi gumi ya gina, wannan tare hanya ne.

Malam Na Ƙofar Mata:
Barista ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni na riƙe guda 4 na shekara biyu, sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na kai wa malaminmu na zaure tambaya. Bai ce min haramun ba ne, bai kuma sake min fuska ba. Ya ce ɓoye kayan da aka yi hani a kai ya fi shafar abin da jama'a ke matuƙar buƙata kamar abinci, suna kuwa mutum na iya zaɓar wani. Inda ya ja kunnena shi ne gwanjo. Abokaina sun ba ni shawara mu riƙa taya wa juna na ƙarya don farashi ya hau, ya ce wannan najashu ne ƙarara, kuma Annabi (SAW) ya hana. Wannan fatawar da aka ba ni ce, kowa ya tambayi nasa malamin.

Malamar Kwamfuta:
Na manta abu biyu. Sabon suna ba ya ƙaura daga kamfanin rajista zuwa wani sai ya cika kwana 60, na kusa rasa cinikin Alhajin Dawanau a kan haka, sai da na buɗe masa asusu a kamfanin da nake na tura masa ta ciki. Na biyu, ku riƙa duba imel ɗin da kuka yi rajista da shi. Lokacin da katunan naira suka daina biya a waje, sabuntawar wani sunana daban, ba cikin biyar ɗin nan ba, ta ƙi wucewa ban sani ba, ina can ina hidimar bikin ƙanwata. Da na farga ya shiga kwana 30 ɗin fansa, kuɗin dawo da shi ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Na tsaya jinkiri, yana faɗuwa wani ya cafke. Yanzu haka yana kasuwa an sa masa dala 2,500, ina wucewa ina kallonsa kamar tsohon gidanmu.

Mai Shayin Zoo Road:
Ni fa yanzu .ai nake jin yara suna ambata a teburina.

Ɗalibin Harshe:
Na wani ɗan tsibiri ne mai suna Angila a yankin Karibiyan, sa'a ce ta faɗo musu da harufan suka dace da AI, wato ƙirƙirarriyar basira. Rajistarsa ta ninka ta .com sau da yawa. Wanda dusar akuya ta gagara, ina shi ina kiwon doki?

Ɗan Farm Centre:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa yaron duk abin da kuka rubuta, ya ce ku tsofaffin hannu ne ba ku san sabon salo ba. Na tambaye shi guda nawa ya taɓa sayarwa, sai ya ce ai shi bai fara ba tukuna, jari yake jira, nawa. Gobe zan yi odar gilasai da caja da dubu 380. Ragowar zan yi wa shagona rajistar .com.ng ɗinsa kafin wani mai irin tunanin Alhajin Wapa ya riga ni. Hajiya Malama, nawa za ki gina min ɗan ƙaramin shafi, mai hoton kaya da lambar WhatsApp kawai? A yi min ragi don Allah, kin ga adashi ne.