Kowane yaro da nasa taki: yaya ake tsara shi a ƙaramar lakwal mai zaman kanta?

Mai tambaya, Tawa:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan wata ƙaramar lakwal ce mai zaman kanta a nan Tawa: yara 54 daga CI zuwa CM2 (aji ɗaya zuwa aji shida na firamare), malamai uku, ɗaki uku. Ana so a bar kowane yaro ya tafi gwargwadon ƙarfinsa, mai sauri kada a daƙile shi, mai nawa kuma kada a ja shi a ƙasa. To malami ɗaya yaya zai bi yara 18, kowa da inda ya tsaya? Kuma wace doka ta kamata a rubuta wa yara da iyayensu?

Tsohon direkta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin ba baƙo ba ne gare mu. Dubi makarantar allo: yara talatin gaban malam guda, kowa da surarsa, kuma ba mai wanke allo sai ya biya an ji ya zauna masa. Abu uku ne ke riƙe da ita: karatun a jere yake, ƙari kaɗan-kaɗan ake yi, kuma akwai tishe, wato maimaita karatun baya. Lakwal ɗin da ta ɗauki "kowa da takinsa" ta bar waɗannan ukun, wasa kawai za ta tara.

A fara da awo, makon farko na Oktoba. Yaro ɗaya-ɗaya, minti biyar zuwa goma, ba a dubi ajinsa ba. A karatu matakai biyar ne: bai san baƙi ba, ya san baƙaƙe, yana haɗa kalma, yana karanta jimla huɗu, yana karanta ɗan labari ya faɗi abin da ya fahimta. A lissafi: gane lamba 1 zuwa 9, gane 10 zuwa 99, tarawa da ajiya, ɗebewa da aro, ninkawa, rabawa. Irin wannan awon ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa shi. Kada ki yi mamaki in ɗan CM1 (aji biyar) ya tsaya a haɗa kalma.

Daga nan a yanka kowane mataki ƙanana-ƙanana, yadda yaro zai gama guda cikin kwana uku zuwa biyar. "Ɗebewa" ta yi faɗi. A ce: ɗebewa ba aro, ɗebewa da aro sau ɗaya kamar 52 a cire 27, sannan aro ta kan sifiri kamar 403 a cire 168. Nan ne yara da yawa ke faɗuwa, domin sun haddace "a ari ɗaya" ba su san goma ce ake warwarewa ba. A kawo tsinke ɗauri goma-goma su kwance da hannunsu. Kowane ƙaramin mataki ya kasance da gwaji mai tambaya 10, sai an ci 8 a wuce. Bayan mako biyu a sake jefo masa tambaya uku daga matakin da ya bari. In ya kasa biyu, ya koma kwana biyu. Tishen ke nan, kuma shi aka fi mantawa.

Batun malami ɗaya da yara 18 kuwa, sai dukkan malaman uku su yi lissafi a lokaci guda, misali 8 zuwa 9 na safe, a raba yaran 54 bisa mataki maimakon aji. Kowane malami zai samu rukuni biyu ko uku ne kawai a gabansa.

Malamar CE (aji uku da huɗu):

Baba direkta ya gama da ginshiƙin, bari in ƙara abin da ke faruwa cikin ɗaki. Matsala ta farko layi ne. Yara bakwai sun gama, sun jeru gaban tebur da kaye a hannu suna jiran gyara, na baya suna tsokanar juna, awa ta tafi. Maganinsa: yaro ba ya tashi. In ya gama ya kifa allonsa ya ɗauki aikin jira (littafin labari ko jadawalin ninkawa), malama ce ke zagayawa. Cikin awar nan minti 15 na rukunin farko ne a kan tabarma gaban tabulo, 15 na na biyu, sauran na zagaye da gwaji.

Takardun aiki a sa su cikin leda mai ƙarfi, a lamba su, yaro ya amsa a kan allo ko kaye, kada ya rubuta a kansu. Kwafi biyar na kowace takarda sun isa, tunda ba rana ɗaya za a buƙace su ba. Takardar amsa ta motsa hannu za a iya barin ta a akwati yaro ya duba kansa, amma ta gwaji tana wurin malama, kuma a yi ta iri biyu, don wanda ya faɗi kada ya haddace amsa ya dawo.

Inda nake jan hankali, Hajiya: kada a mayar da yini duka haka. Yaranmu da Hausa ko Tamajak suke tashi a gida, Faransanci a kunne yake fara shiga. Yaron da ya wuni shiru da takarda zai iya cike gurbi daidai, amma ki tambaye shi ya kasa haɗa jimla. Lissafi da koyon karatu su ne na taki daban-daban, kamar awa biyu a yini. Magana, waƙa, tarihi da kimiyya a yi su tare, aji guda. Kuma 8 cikin 10 ba ya auna karatu. Sai an saurari yaro da baki, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a rubuta duk wata.

Mai tambaya, Tawa:

Na gode ƙwarai. To iyaye fa? Su buletin suke so, da matsayin ɗansu a aji.

Mai ba malamai shawara:

Hajiya, a ba su buletin. Lakwal mai zaman kanta da izinin gwamnati take aiki, manhajar ƙasa take bi, sufeto kuma rajista zai duba. Yaro ya ci gaba da zama ɗan CE2 (aji huɗu) a takarda ko da lissafinsa na CP (aji biyu) ne, a yi kompozishon yadda aka saba, don ranar da iyaye suka ƙaura Yamai ko Konni kada a rasa ajin da za a sa shi. Sai a liƙa katin matakai a bayan buletin: ya fara a mataki 11, yau yana 19. Uwa ko ba ta yi boko ba za ta gane wannan.

Doka kada ta wuce shafi ɗaya, a karanta ta da Hausa ranar taron iyaye. Abin da ba a bari a baki:

Jinkirin taki yana da iyaka. Yaron da ya yi mako biyu a mataki guda, a zauna da shi minti 20 kullum har kwana biyar. In bai motsa ba a kira iyaye, a duba ido da kunne kafin a ce ƙyuya ce. Mai sauri kuma ba ya tsallake aji tsakiyar shekara, sai dai a zurfafa masa aiki.

Fashi: kwana uku a jere ba sanarwa, a aika gida. Wanda ya dawo daga jinya ko tafiya ya ci gaba daga inda ya tsaya bayan ɗan gwaji, ba a yi masa horo. Makara fiye da minti 15 sau uku a wata, da babba za a yi magana, domin sau da yawa aike ko ɗiban ruwa ne ya tsayar da yaron. Ba bulala, kuma ba a ƙara wa yaro takardar aiki a matsayin horo, in ba haka ba zai tsani abin da ake so ya so. Bashin kuɗin makaranta tsakanin direkta da iyaye ne, ba a kiran sunan yaro gaban 'yan'uwansa.

A rubuta sunan mai sa hannu na biyu. A Adar iyaye maza da yawa suna cin rani a Abijan ko Libiya watanni, saboda haka a san tun Oktoba ko uwa ce, ko kawu, ko kaka za a nema. Kwamitin iyaye ma a ba shi aiki na gaske. Shirin "École pour tous" (makaranta don kowa) na JICA, hukumar taimakon ƙasar Japan, a jihar Tawa ya fara a 2004, mutanen nan sun saba da zama kan sha'anin lakwal.

'Yan CM2 kuwa, daga Janairu a rage musu wannan tsari zuwa awa ɗaya, sauran lokacin su yi aiki da agogo, kowa tambaya iri ɗaya, domin a 6e (ajin farko na sakandare) malamin lissafi ba zai jira kowa ba.