An sallame ni daga sojan Amurka da baƙar takarda, ko tana gyaruwa?

Wani memba (ya nemi a ɓoye sunansa):

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shugaban zaure, don Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda muke haɗa sahu da su ranar Juma'a a cikinku.

Na shigo Amurka ta cacar biza a 2011, na shiga sojan ƙasa a 2013, kuma tun ina horon farko aka rantsar da ni na zama ɗan ƙasa. A 2014 aka kai mu Afganistan, na yi wata tara. A ido lafiya na tafi lafiya na dawo, amma tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Sai in kwana zaune cikin mota a bakin bariki, gilashi a rufe, ina kallon ƙofa. Gab da asuba in ɗan runtsa, kafin in farka an watse daga faretin safe. Duk da haka na sabunta kwantiragi a 2016, don ban san wata sana'a ba. Daga nan komai ya dagule. Sau biyu aka yi mini hukuncin kwamanda, wanda ake kira Article 15, saboda makara, har aka rage mini igiya. Wata rana kuma wani saje ya daka mini tsawa ta baya, ban san lokacin da na juya na hankaɗe shi ya faɗa kan tebur ba. Waɗannan na yi su, ba na musu.

Na ukun ne ban yi ba. An ƙirga kayan sito aka tarar madubin gani da dare guda ɗaya ya yi ɓatan dabo, ni kuma ina cikin mutum huɗu masu riƙe da makulli. 'Yan binciken soja sun kira ni sau biyu, sun bincike ɗakina da motata, ba su sami ko allura ba, kuma ba a kai ni kotun soja ba. Amma da aka zo rubuta sallama sai aka haɗa duka ukun a ƙarƙashin babi na 14 na dokar sallamar sojan ƙasa, wai aikata babban laifi. An ce mini ina da damar zama gaban kwamiti in kare kaina. Na sa hannu na ce na yafe, don a lokacin burina kawai in ga na bar wurin. A 2017 na fito da takardar sallama ta DD-214 mai ɗauke da OTH, sallamar da ba ta girmamawa ba.

Yanzu tirela nake ja. Ina so in koma makaranta, amma an ce da OTH babu tallafin karatu na GI Bill. Mahaifiyata a Kano har gobe ta ɗauka ritaya na yi, matata ma rabin labarin ta sani. Wani ya taɓa ce mini takardar kan gyara kanta bayan wata shida, ga shi shekaru sun shuɗe shiru. Wani kuma ya ce in na tono maganar za a iya ƙwace mini fasfo. Masu sani, ku taimaka mini da gaskiya komai ɗacinta.

Maman Walida:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yaye maka, ya wanke ka daga abin da ba ka yi ba. Ni ban san dokar soja ba, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne barcin nan. Har yanzu haka kake kwana, kuma kana jan tirela? Amsa mini wannan tukuna.

Baban Hanif (tsohon soja):

Ƙanena, maganar wata shida ƙanzon kurege ce. Tun kafin in sa kaki ake yaɗa ta a bariki, kuma ba ta taɓa zama doka ba. Babu takardar da ke gyara kanta, sai ka nema.

Ƙofa biyu ce. Ta farko hukumar duba sallama ta rundunarka, ana shigar da buƙata da fom DD-293, kuma wa'adinta shekara 15 daga ranar da aka sallame ka. Kai na 2017 ne, kana da lokaci har 2032. Wannan hukumar ba ta taɓa sallamar da babbar kotun soja ta yanke, amma taka ta ofis ce, don haka tana da hurumi. Ta biyu hukumar gyaran bayanan soja, da fom DD-149. Ita wa'adinta shekara 3 ne daga sanda ka gano kuskuren, sai dai tana iya ɗage shi in ta ga adalci ya buƙaci haka. A matsayinka da ta farko ake farawa. Ka nemi a duba takardu zalla tukuna. In ba a dace ba, kana da sauran damar neman zama da su ka yi bayani da bakinka. In ka fara da zaman, harsashi ɗaya ka harba ya ƙare.

Amma kada ka cike ko layi ɗaya sai fayil ɗinka ya zo hannunka. Ka nemi cikakken kundin aikinka ta shafin intanet na milConnect ko da fom SF-180, da kundin asibitinka na soja, da duk takardun da aka haɗa aka yi sallamar. Rahoton 'yan binciken kuma daban ake nemansa, a cibiyar ajiye bayanan laifuka ta sojan ƙasa da ke Quantico, jihar Virginia. Dalili shi ne hukumar nan tana zama ne da ɗaukar cewa abin da rundunar ta yi daidai ne, sai in kai ka kawo shaidar akasin haka. “Wallahi ban yi ba” a wurinsu magana ce kawai.

Yau ɗin nan ka ɗauko DD-214 ka duba gurbi na 24 zuwa 28: irin sallamar, dokar da aka dogara da ita, lambar sallama, lambar sake shiga aiki, da dalilin da aka rubuta. Mutane da yawa suna neman a gyara na 24 kaɗai su manta da na 28, sai a ba su takarda mai kyau amma kalmar laifi na nan zaune a ƙasanta, duk mai ɗaukar aiki yana gani. Sannan ka karanta gurbi na 18 a hankali, ka zo ka gaya mini abin da ka gani.

Ɗan Maraɗi:

Ni fa a ganina a bar kaza cikin gashinta. Kana da aikinka, kana da fasfonka, iyali na ci suna sha. Mutumin da ya zo da cacar biza ya je yana ja da gwamnati? Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ɗan'uwa.

Anti Bilki (ina aiki a ofishin lauyan shige da fice):

Ɗan Maraɗi, tsoron naka yana da tushe, amma ba inda ka ɗora shi ba. Ni ba lauya ba ce, abin da nake gani a wurin aiki zan faɗa. Dokar da ke ba soja zama ɗan ƙasa da wuri, sashe na 329 na dokar shige da fice, ta ce ana iya soke wannan shaidar in an sallami mutum da sallamar da ba ta girmamawa ba kafin ya cika jimillar shekara 5 yana aiki cikin mutunci. Daga 2013 zuwa 2017 bai kai biyar ba. To ka ga haɗarin ba neman gyara ne zai haifar da shi ba, yana nan kwance tun ranar da aka buga OTH a takardarsa. Shirun ba ya goge shi.

Kada kuma hankalinka ya tashi, Malam mai tambaya. Ba a soke zama ɗan ƙasa da wasiƙa ko a filin jirgi. Sai gwamnati ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta kawo hujja. Abin da nake roƙonka shi ne ka zauna da lauyan shige da fice wanda ya san harkar sojoji kafin ka aika komai, domin duk abin da ka rubuta ka sa wa hannu ya shiga kundin gwamnati ke nan. Haka in kana shirin cike wa Hajiya takardun ɗauko ta, ka bari sai kun yi wannan zaman.

Gyaran sallamar kuma ba sai ka zubar da dubban daloli ba. Ƙungiyoyin NVLSP da The Veterans Consortium suna haɗa tsoffin sojoji da lauyoyi kyauta a kan irin wannan, wasu jami'o'i ma suna da ofishin taimakon shari'a na tsoffin sojoji. Layin yana da tsawo, ka sa suna da wuri.

Baban Hanif:

Anti ta yi magana. Bari in koma kan inda na fi ganin mutane suna faɗuwa, don na taya mutum biyu haɗa irin wannan fayil.

Kai zuciyarka tana kan satar da aka laƙa maka, kuma ina fahimta, don babu abin da ya kai a kira mutum ɓarawo ciwo. Amma in ka cika shafi goma da labarin makulli da wanda kake zargi, ka tsallake makara da hankaɗe saje, za su karanta su ce wannan har yanzu bai ga laifinsa ba. Hukumar abu biyu take aunawa: ko an bi ƙa'ida wajen sallamar, da ko an yi adalci. Ka raba kayanka gida biyu.

Maganar madubi da takarda za ka yaƙe ta. Me rahoton binciken ya ƙare da shi? Su wa suka sa hannu a littafin makulli a ranakun? An taɓa ganin madubin daga baya? Akwai wanda kuka yi aiki tare da zai rubuta abin da ya sani ya sa hannu? Ka sani sallamar ofis ba ta buƙatar hujja mai ƙarfin ta kotu, rinjayen zato ya isa, shi ya sa suka iya sa ta a ciki ba tare da an kama ka da komai ba. Kada kuma ka jingina ta da rashin lafiya. Ba za ka ce ban ɗauka ba, sannan ka ce ciwo ne ya sa ni. Kuma abin da aka yi da shiri kamar sata, ba kasafai suke yarda ciwon firgici ya jawo shi ba.

Makara da hankaɗewa kuwa, nan ne ƙarfinka yake. Tun 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba hukumomin gyaran bayanan soja umarnin su sassauta wajen duba buƙatun masu ciwon firgicin yaƙi, PTSD. A 2017 takardar Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, ta faɗaɗa shi, ta kawo tambaya huɗu: akwai wani ciwo ko abin da ya sami mutum da zai iya zama uzuri? Yana cikin aiki abin ya same shi? Da gaske shi ya jawo laifin? Kuma ya rinjayi nauyin laifin? Ba dole sai an gano ciwon tun kana cikin kaki ba, binciken likitan farar hula na yanzu ma ana karɓa, har da shaidar waɗanda suka ga yadda ka sauya. Ka jera musu: kafin Afganistan babu ko gargaɗi ɗaya, bayanta ga abin da ya biyo. In an kawo batun PTSD na fagen daga, doka ta sa a sami likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya a cikin masu duba fayil ɗin. A 2018 kuma takardar Wilkie, shi ma babban jami'in ma'aikatar tsaro a lokacin, ta ce a duba yadda mutum ya rayu bayan sallama. Shekarun da ka yi kana tuƙi ba tare da an kama ka da komai ba, wasiƙar maigidanka, wasiƙar limami, duk su shiga.

Ban ce za a ba ka ba. Ana ƙin mutane da yawa, kuma jiran yakan ci watanni, wani lokaci ya haura shekara. Suna iya tsayawa a sallamar da ake kira General, wadda ta fi OTH nesa ba kusa ba amma ita kaɗai ba ta buɗe GI Bill. Hukunce-hukuncensu na baya suna nan a intanet an cire sunaye, ka karanta goma na babi na 14 ka ji yadda suke tunani.

Malam Na Bronx:

Rashin barci da firgita irin wannan, a haɗa da ruƙiyya da azkar. Ba komai ne na asibiti ba.

Ummu Yasir (ma'aikaciyar jinya):

Malam, babu mai hana addu'a, mu ma da ita muke kwana. Amma hukumar soja ba ta karɓar shaidar mai ruƙiyya, kuma mutumin da ke jan tirela ba barci ransa da na wasu ne a hannunsa. Yayana, ka nemi Vet Center, cibiyar ba tsoffin sojoji shawara, mafi kusa da kai. Suna karɓar wanda ya je fagen daga ko da OTH gare shi, kyauta ne, kuma ba sa buga wa kowa waya su ba da labarinka. Ma'aikatar tsoffin sojoji, VA, ita ma tana ba irinka kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tana da nata binciken daban na ko ka cancanci sauran haƙƙoƙi, ba sai an jira an gyara DD-214 ba. In dare ya yi maka nauyi har ka fara tunanin cutar da kanka, kira 988 ka danna 1, kowane lokaci.

In ka je gaban likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mazanmu sai a tambaye su su ce “Alhamdu lillahi, da sauƙi”, likita ya rubuta babu matsala, shi ke nan an rufe fayil. Faɗa masa maganar kwana a mota kamar yadda ka faɗa mana. Kuma ka gaya wa matarka sauran rabin. Ita ke ganin yadda kake zabura cikin dare, wasiƙarta tana cikin shaidun da za su fi amfani.

Mai tambaya (ta hannun shugaban zaure):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Mama, gaskiya har yanzu awa uku ne in na samu da yawa, kuma ba na iya zama in ba wa ƙofa baya. Na kira Vet Center ɗin garinmu, sun ba ni ranar Talata.

Yaya Baban Hanif, na ɗauko takardar daga ƙasan akwati, rabona da buɗe ta tun 2017. A gurbi na 18 akwai layin da ya ce na yi aiki cikin mutunci ba yankewa daga 2013 zuwa ranar da na sabunta kwantiragi a 2016. Ban taɓa lura da shi ba. Me yake nufi?

Baban Hanif:

Shi nake nema. Yana nufin OTH ɗin kwantiragi na biyu ta shafa, na farkon yana nan da tsarkinsa, kuma VA tana iya ɗora haƙƙi a kan wannan zangon, har da na karatu. Wanda ya ce maka babu GI Bill kwata-kwata bai ga layin nan ba. Kai takardar wurin wakilin ƙungiyar tsoffin sojoji ta DAV ko American Legion, ba sa karɓar ko sisi, su shigar maka da buƙatar tun yanzu yayin da kake jiran fayil. Ka haɗa da takardar sabunta kwantiragin, DD-4, in tana cikin akwatin nan naka. In babu, za ta zo cikin kundin da za ka nema.