Cin zalin siniyoyi a makarantar kwana: shawarwarin da aka bayar

Mun tattauna da wasu iyaye da malamai kan yadda siniyoyi ke gallaza wa ƴan aji ɗaya, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce matsalar ita ce yaran ba sa faɗa, don an riga an tsorata su cewa duk wanda ya kai ƙara zai gane kurensa bayan an kashe fitila. To uwa, idan kin je bizitin wurin ɗanki kar ki tsaya kan "ya karatu", ki buɗe akwatinsa ki ga ko garin kwaki da madara da sikarin da kika kawo sun ƙare cikin sati ɗaya, ki dubi gwiwarsa da bayansa, ki tambaye shi wa yake yi wa wanki da ɗiban ruwa.

Wani malami ya ce a daina ba firifet bulala kwata-kwata, kuma hausmasta ya riƙa zagaya hostel da daddare ba sai da rana ba. Wannan na yarda da shi sosai wallahi.

Masu cewa "mu ma haka aka yi mana" ba su samu goyon baya ba. Kuma a kai ƙara wurin firinsifal a rubuce, a ɓoye sunan yaron.