Shin gawayi zai iya maye gurbin kwal a masana'antar ƙarfe?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Na karanta cewa sarrafa ƙarfe yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke saki, kuma ana cewa gawayi zai rage wannan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gawayi ma idan ya ƙone iskar kabon yake fitarwa, to ta ina ragin zai zo?

Injiniyan Ƙarafa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A cikin tanderu, aikin kwal ya wuce bayar da zafi, domin kabon ɗinsa ne ke zare iskar oksijin daga tama har ƙarfe ya narke ya gangaro, kuma gawayi yana yin wannan aikin sarai, shi ya sa da shi aka yi ta narka tama kafin wani mai masana'antar ƙarfe, Abraham Darby, ya yi nasarar narka ta da gasasshen kwal a Ingila a 1709. Bambancin yana ga asalin kabon ɗin. Na kwal ya shafe miliyoyin shekaru a binne, fito da shi ƙari ne a kan abin da ke sararin sama, amma na gawayi bishiya ce ta zuƙe shi 'yan shekarun baya, kuma wadda aka dasa a gurbinta za ta sake zuƙe shi. Birazil ce ta yi nisa a wannan fanni, musamman jihar Minas Gerais, inda kamfanoni irin su Aperam ke noma bishiyar turare a manyan gandaye, su sare ta bayan kimanin shekara 7, su toya gawayin da tanderunsu ke ci.

Malamin Gandun Daji:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so a tsaya a kan sharaɗin da ya ambata, domin nan ne gizo ke saƙa. Idan ba a mayar da bishiyar ba, babu ragin komai, asara ma aka yi biyu. A Birazil ɗin ma, a yankin Carajás, an daɗe ana kokawa kan gawayin da aka toya daga dajin Amazon don ciyar da tanderun ƙarfe, har da rahotannin aikin tilas a wuraren toyin. Ga kuma ramin toyi na gargajiya, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da iskar metan, wadda ta fi iskar kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Mu a nan ya kamata wannan ya dame mu, domin maƙeranmu sun san gawayin ƙirya ne mai riƙe wuta a gaban zuga-zugi, kuma duk mai bin hanyoyin karkara ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi alhali ƙiryar tana ta ƙaranci.

Injiniyan Ƙarafa:
Haka yake, Malam, kuma akwai wata iyakar a cikin tanderun kansa. Gawayi ba shi da ƙwarin gasasshen kwal, idan aka lafta masa nauyin tama a dogon tanderu sai ya marmashe ya toshe hanyar iska, shi ya sa tanderun gawayi na Birazil ƙanana ne. Abin da manyan tanderu za su iya shi ne a niƙa gawayin a hura shi ta ƙasa a madadin garin kwal, wanda zai rage wani kaso kawai. Duniya kuwa tana ƙera ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, babu filin da zai noma itacen da zai ɗauki wannan ba tare da an ci gonakin abinci ba. A ganina, 'yar'uwa, gawayi zai amfani ƙasa mai ruwan sama da fili da dokar daji mai aiki, sauran kuwa dole su dubi narka tsoffin ƙarafa da lantarki da kuma amfani da iskar haidirojin a madadin kwal.