Mu sa hannu ko mu ɗauki waƙoƙinmu da kanmu?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a Damagaram, jita biyu, bes da ganga. Kiɗan rok irin na da muke yi, da baitocin Hausa, shekara uku muna gwaji a garejin babana. Wani mai situdiyo a Yamai ya ce zai ɗaukar mana waƙa takwas kyauta, amma su zama mallakarsa har shekara biyar. In ba haka ba sai mu tara kuɗin da muke samu a kiɗan biki mu ɗauka da kanmu. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana.

Mai Bes: Wa alaikumus salam. Wace irin jita gare ku? Ku fara canza tsirkiya kafin ku je ko'ina.

Tsohon Makaɗi: Ɗana, kada ka sa hannu. Ni na sa. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, shafi huɗu, ba wanda ya karanta mana. Muka kwana goma sha biyu a kan tabarma bayan situdiyo muna shan gari da sukari. Faifai ya fito, ina jin muryata a tasha da shagon mai shayi, ko dala ban gani ba. Da na je tambaya sai ya buɗe durowa ya nuna mini sa hannuna. Mai gangarmu ya sayar da kayansa ya tafi Libiya, har yau ba labarinsa. Jitata tana rataye a ɗaki, jikokina ke wasa da ita.

Ɗan Birni: Allah ya saka maka, Baba. Amma tamu shekara biyar ce kawai.

Tsohon Makaɗi: Ni ma "kawai" aka ce mini.

Ɗalibin Ingila: Ku duba ƙungiyar makaɗa ta Arctic Monkeys a Ingila. Samarin Sheffield ne, sun haɗu a 2002, suna raba faifan gwajinsu kyauta a wurin wasa, masoya suka zuba a intanet. Kafin su shiga kamfanin Domino a 2005 jama'a sun haddace baitocinsu. Faifansu na farko a Janairun 2006 ya sayar da fiye da 360,000 a mako guda. Ku tara mutane tukuna, kamfani zai biyo ku.

Ba'agadasa: Me ya kai mu Ingila? Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta memori, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi. A 2021 kamfanin Matador ne ya fitar masa da faifai.

Mai Bes: To ai duk sun sa hannu daga baya. Ƙungiyar Tal National ma, da Almeida ya kafa a Yamai a 2000, sai da suka yi shekaru suna sayar da faifansu a shataletale kafin kamfanin FatCat ya ɗauke su a 2013. Kuma Almeida alƙali ne, ya san abin da takarda ta ƙunsa.

Uwar Biki: Ɗaukar waƙa ɗaya jaka 25 ce a Maraɗi, ƙanena ya yi bara.

Mai Bes: Hajiya, wannan na mai kwamfuta ne da piyano. Ganga ta gaske da makirufo shida, jaka 70 na biya.

Ba'agadasa: Jaka 40 muka ba da, har da gyaran sauti.

Tsohon Makaɗi: Mai maganar Ingila, ka taɓa hawa dandamali? Wanda bai kwana da yunwa a kan kiɗa ba ya saurara.

Ɗalibin Ingila: Baba, girmanka ne, amma zamanin kaset daban, na WhatsApp daban.

Na Gidan Ƙasa: Ni dai maƙwabcin garejin ne. Ku tafi Yamai ko mu samu barci, mai gangarku har akuyata ta iya rawarsa!

Uwar Biki: Kuɗin bikin da kuke dogara da shi fa? Yanzu iyayen amarya DJ suke kira, shi kaɗai da lasifika biyu.

Mai Bes: Nan ne ciwon. Watan jiya muka yi awa huɗu a wani biki, wuta ta ɗauke, man janareta daga aljihuna. Da aka watse uban ango ya ce liƙin da aka yi mana ai ya isa.

Ba'agadasa: Ba ku karɓi rabi tun kafin ku sauke kaya ba?

Mai Bes: Abokin yayana ne, da wane baki zan tambaya?

Ɗan Birni: Jama'a, maganar takardar fa? Saura kwana tara.

Uwar Biki: Mai Bes, a wace unguwa aka yi bikin nan?