Fuloraid a man goge baki da ruwan sha: a ci gaba ko a daina?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ana ta yaɗa cewa sinadarin fuloraid guba ne, wai yana ɓata haƙoran yara har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga shi kuma kusan kowane man goge baki akwai shi. Masana, a daina ba yara ne?

Likitan Haƙori: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a daina. Ƙwayoyin cutar baki suna cin sukari su fitar da asid, shi ke cin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Fuloraid na taimakon yawu wajen mayar da ma'adinan da suka zube, kuma wurin da ya gyaru ya fi jure asid. Akasarin aikinsa a jikin haƙori yake yi, don haka ba a son a haɗiye.

A duba kwali, a nemi mai 1,000 zuwa 1,450 ppm (ma'aunin yawan fuloraid a cikin man). Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake, kuma babba ne zai matsa masa. Sau biyu a rana, minti 2, ɗaya dab da kwanciya. A tofar kawai, kada a kurkure, domin ruwan yana wanke maganin tun bai yi aiki ba.

Injiniyan Ruwa: Likita ya yi daidai, amma ni ruwa ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita. Amurka, inda aka fara zuba shi a ruwan famfo da gangan a 1945, ta ba da shawarar 0.7 a 2015. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana jiƙo shi daga duwatsu, a sassan Indiya da Gabashin Afirka yakan ninka iyakar sau da yawa. Yaron da ya sha irinsa kafin shekara 8, haƙoransa na fitowa da fararen ɗigo ko tabo ruwan kasa. In aka daɗe ana shan mai yawa sosai, gaɓoɓi su sandare.

Ba shi da ɗanɗano ko launi, sai an kai ruwan gwaji. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, tunda ruwa ke ƙonewa shi ya zauna. Matacin gawayi na yau da kullum ma bai iya ba, sai na gawayin ƙashi ko injin tace ruwa da ake kira RO.

Uwar Biyu: Na gode, Malam. To maganar ƙwaƙwalwa fa?

Likitan Haƙori: Wani rahoton gwamnatin Amurka na 2024 ya danganta ruwan da ya haura 1.5 da raguwar kaifin basirar yara. Kan 0.7 kuwa ya ce hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. Man da ake tofarwa ba shi ne abin tsoro ba, sai dai a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tub ɗin man goge baki mai giram 100 na iya ɗaukar fuloraid kusan miligiram 145, kuma miligiram 50 ya isa ya jefa yaro mai kilo 10 cikin haɗari. In ya sha da yawa, a ba shi madara, a garzaya asibiti da tub ɗin a hannu.