Taya mai shekara goma da zanenta cif: a hau ko a cire?

Alhaji mai Road Master: Salamu alaikum jama'a. Maganar da ake yi cewa taya tana da wa'adin shekaru, ni ban gamsu da ita ba. Hanya ce ke cinye taya. Tsofaffin baburan nan, CD200, Benly, C70, da yawansu sai Juma'a ko salla ake fito da su. Idan zane yana nan cif, babu kumburi, babu yanka, iska ba ta sauka, me zai sa a jefar da taya don kawai ta kai shekara goma?

Usta bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ajiyar da ka faɗa ita ce matsalar. Akwai wani maiƙo da sinadarin kariya da ake cuɗawa cikin robar taya, kuma sai tayar tana juyawa tana lanƙwasa yake fitowa sama ya kare ta daga iska da rana. Babur ɗin da ke jingine wata shida ba ya samun wannan. Robar sai ta bushe ta taurare, zanen kuwa yana nan kamar jiya aka saye ta. Zane aikinsa korar ruwa. Riƙe kwalta aikin laushin roba ne, ita ke shiga 'yan ramukan kwalta ta kama. Ka danna farce a kan tayar: mai rai za ta lotsa ta dawo, matacciya kamar kana danna busasshiyar fata. Sannan ka sauke iska ka matse gefenta da hannu, ka leƙa ƙasan kwarin zanen da fitila. In ka ga tsage-tsage sirara, ruwa ya riga ya samu hanyar isa ga zaren ciki.

Mai faci: Kafin a yi nisa, kowa ya fara sanin shekarun tayarsa. A gefen mafi yawan tayoyi akwai lamba huɗu, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lamba uku ce kacal, kafin 2000 aka yi ta, wannan kam babu muhawara a kanta. A duba har ta kanti, don taya tana iya shekara biyar a sito a naɗe cikin leda a sayar maka a matsayin sabuwa.

Baba mai Benly: Yarana, lambar nan ba ita kaɗai ba ce. Taya biyu masu kwanan wata ɗaya, ɗaya a ɗaki mai duhu da sanyi, ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da injin walda ko janareta, ba za su tsufa tare ba. Zafi da rana da iskar da tartsatsin lantarki ke haifarwa su ke cin roba, haka fetur ko baƙin mai in ya ɗiga a kanta. Kamfanin taya na Michelin ma cewa ya yi daga shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, a goma kuma a canza ko da tana da kyau a ido. Saboda haka Alhaji yana da gaskiya cewa taya mai shekara shida ba lallai ta mutu ba. A kan ta shekara goma ce ban bi Alhaji ba, balle a zafin nan namu.

Alhaji mai Road Master: Allah ya ƙara girma Baba. Amma wannan ƙa'ida ai don manyan babura ce masu gudun 150. Mu 60 ko 70 muke yi, ga birkin ganga da ba ya cizo kamar na faifai. Ina ƙarfin da zai zamar da taya?

Usta bakanike: Birkin ganga da aka saita da kyau yana kulle tayar gaba, Alhaji, musamman a kan kwaltar da yayyafin farko ya jiƙa ko wadda yashi ya kwanta a kanta. Kuma busasshiyar roba ba ta gargaɗi. Mai laushi tana ɗan jan ƙafa kafin ta saki, ka ji a hannu ka sassauta. Tauraruwa lokaci guda take tafiya, kuma in ta gaba ce ta tafi a kwana ba a dawo da ita, ko a gudun 30 ne. Duk babur ɗin a kan wuri biyu yake tsaye, kowanne bai kai tafin hannu ba.

Mai faci: Ga abin da ba a gani ta waje. Tayar da ba a buɗe ba shekara goma, tif ɗin cikinta ma shekararsa goma. Ya saki ya yi girma, ya yi ninki, kuma a wurin ninkin yake tsagewa. Ruwa na bin ramin sifok ya shiga, cikin rim ya yi tsatsa, robar da ke rufe kawunan sifok ta ruɓe, kan sifok ya fara cin tif. Irin wannan ba sannu a hankali iskar ke sauka ba. In za a canza: a kankare tsatsar da burushin waya, a sa sabuwar robar rim, sabon tif daidai lambar tayar, a shafa masa hoda, a ɗan hura shi ya ɗauki siffa kafin a sa don kada liba ta cije shi. Kada a ɗaure notin bawul tam a jikin rim. In an bar shi sake, duk ranar da taya ta zame a kan rim saboda ƙarancin iska za ka ga bawul ya karkace kafin ya tsinke.

Mai Vespa: Mu kuma safaya ce ke yaudararmu. Lambar girman tayar, 3.50-10, gaba da baya ɗaya ce, sai a ɗauko wadda ta shekara goma sha a maƙale a gefe, ko gashin robarta bai goge ba, a ce sabuwa ce. A riƙa juya ukun su tsufa tare.

Alhaji mai Road Master: To ga inda take ƙasa tana dabo. Tsohuwar tayar kamfanin kirki ce, 3.00-17. Sababbin da ke kasuwa a wannan lamba da yawa robar banza ce. Ko dai in riƙe tawa, ko in sa 3.50 mai kyau, tunda faɗi ma ƙarin riƙo ne.

Mai faci: A'a Alhaji, 3.50 a kan siririn rim matse ta za a yi. Gefuna su tsuke, tsakiya ya yi tudu, abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, kan babur ya yi nauyi a kwana, tana iya gogar murfin sarƙa ko madigadi in an ɗauki goyo. Ka tsaya a lambarka, ka karanta abin da ke bayanta. 47P misali: 47 na nufin iyakar nauyin da za ta ɗauka kilo 175 ne, P kuma iyakar gudunta kilomita 150 a awa. Ka bi kibiyar da ke nuna inda za ta juya, kuma kilomita 150 na farko a bi ta a hankali, sabuwa tana da santsi.

Usta bakanike: Kuma a auna iska da geji da safe kafin a hau, ba da yatsa ba. Irin waɗannan babura yawanci 25 zuwa 29 ne a ma'aunin psi, a ƙara wa baya in akwai goyo, littafin babur ɗin shi ne alƙali. Ta baya in ta cinye gefe ɗaya, notocin jan sarƙa ba su yi daidai ba. Ta gaba in ta yi tudu da kwari, a duba iska, man shokozoba da boris ɗin wuya, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta cinye.

Alhaji mai Road Master: Ta gaba na yarda, a canza ta da tif ɗinta. Ta baya kam, in farce ya shiga kuma babu tsaga, ban ga dalili ba tukuna.

Usta bakanike: Ta baya ce ke ɗaukar nauyi da goyo, ita ta fi yin zafi, a nan zaren da ya ruɓe ke rabuwa da roba. Ka sa a cire ta daga rim a juya cikinta a duba da fitila, sannan ka turo mana lambobi huɗun da ke gefenta.